TALE ƘAFA GABA DA BAYA: WASAN DA BA A YI MASA GAGGAWA

Duk wanda ya bi ta filayen ƙwallo na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da sassafe, ko da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin samari suna mimmiƙe gaɓoɓi kafin su shiga wasa ba. A cikinsu a kan sami wani ya tura ƙafa ɗaya gaba, ya ja ɗaya baya, yana neman ya zauna daɓas a ƙasa a tsakaninsu, abokansa sun kewaye shi suna zuga shi. Wani lokaci ma har wani ya dafa kafaɗunsa ya danna shi ƙasa, wai taimakonsa ya ke yi. Waɗansu a fim ɗin 'yan kareti suka ga abin, waɗansu kuwa a cikin wayoyin nan da a ke saye a kasuwar Farm Centre, inda a ke nuna masu koyar da wasan yoga na Indiya suna yi wa mutane alkawarin za su iya cikin kwana 30.

Tun da ya ke yaran nan ɗalibanku ne, ko 'ya'yanku, ko ƙannenku, ya kamata malaman makaranta da akawuna su san asalin wannan wasa, da amfaninsa, da inda haɗarinsa ya ke. Taƙaitaccen zancen shi ne, tale ƙafa ba ya cutar da mai lafiya in ya bi shi sannu-sannu da nauyin jikinsa kaɗai. Amma dannawa da gaggawa su kan jawo raunin da zai kai shekara bai saki mutum ba.

ASALINSA

Talewa iri biyu ce. Akwai ta gefe, watau mutum ya ware ƙafafu dama da hagu, irin wadda ɗan wasan fim Jean-Claude Van Damme na ƙasar Beljiyam ya yi suna da ita. Akwai kuma ta gaba da baya, ita ce mu ke magana a kanta. Masu yoga na Indiya suna kiranta Hanumanasana. Kalmar asana ma'anarta zama. Hanuman kuwa, a cikin tsohon littafinsu mai suna Ramayana, wani jarumi ne mai siffar biri, wanda suka ce ya yi tsalle ɗaya ya ƙetare teku daga Indiya zuwa tsibirin Lanka. Sun kamanta wanda ya tale ƙafa da mai wannan tsalle, ƙafa ɗaya ta kai gaci, ɗaya tana baya.

Yoga kanta tsohuwar aba ce, amma yawancin murɗe-murɗen jikin da a ke nunawa yau ba su yi tsufan da a ke zato ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika, na ƙarni na 15, zama iri 15 kaɗai ya bayyana, kuma babu wannan a cikinsu. Mutumin da ya fi kowa shimfiɗa yoga ta zamani shi ne Tirumalai Krishnamacharya, wanda aka haifa cikin 1888, ya rasu cikin 1989. Sarkin Maisur, a kudancin Indiya, ya ba shi wuri a fadarsa, ya buɗe makaranta cikin 1933 yana koya wa samari. Ɗaya daga cikin almajiransa, B.K.S. Iyengar, ya fitar da littafi mai suna Light on Yoga cikin 1966, da hotuna wajen 600, har da na wannan talewa. Wannan littafi yana cikin manyan abubuwan da suka bazu da wasan cikin Ingila da Amurka. Ran 11 ga Disamba, 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi shawarar Indiya, ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, aka fara bikinta cikin 2015.

Akwai wani abu a nan da zai ba malamai sha'awa. Wani masani, Mark Singleton, ya nuna a littafinsa na 2010 cewa yoga ta zamani ta cuɗanya ƙwarai da wasannin motsa jiki na Turai da Ingilishi suka kai makarantu da barikokin Indiya. Tushen waɗannan wasanni shi ne tsarin Pehr Henrik Ling, mutumin Suwidin, wanda ya kafa makarantar motsa jiki a babban birninsu cikin 1813. A kan wannan tsari ne kuma aka gina manhajar motsa jiki ta Ingila ta 1933, wadda aka daɗe ana aiki da ita a makarantun Nijeriya. Ashe malamin elementare na zamanin En'e, da ya kan jera yara a fili da safe yana ba su odar ɗaga hannu da sunkuyawa, da malamin yoga na Maisur, wani sashe na abin da su ke koyarwa a rijiya ɗaya aka ɗebo shi.

Ba za mu wuce ba sai mun faɗi cewa mabiya addinin Hindu suna bauta wa Hanuman, kuma yoga a wurinsu tana haɗe da ibada. Saboda haka ne majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin ta cikin 2008. Ta Indunisiya kuwa, cikin 2009, ta hana wadda aka haɗa da karance-karancen ibadarsu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta sa ta cikin jerin wasanni cikin 2017. Hukuncin wannan na malamai ne. Mu dai maganar tsoka da ƙashi mu ke yi, domin 'yan kareti da 'yan tsalle-tsalle da masu tsaron gida a ƙwallo duk suna tale ƙafa, ba su kuwa san wani Hanuman ba.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN JIKI

In mutum ya zauna bisa benci mai tauri zai ji ƙasusuwa biyu suna tokarar katako, ɗaya a kowane ɓangare na mazaunai. Bari mu kira su ƙasusuwan zama. A jikin kowane ɗaya ne tsokoki uku na bayan cinya suka kafe, suka gangara har suka kama ƙasan gwiwa. In an miƙe ƙafa gaba, gwiwa ba ta lanƙwashe ba, waɗannan tsokoki uku su ke ɗaurewa kamar tsarkiyar baka. Ƙafar da aka ja baya kuwa wata tsoka ce daban ke riƙe ta, wadda ta taso daga gadon baya ta ciki, ta ratsa ƙugu ta kama saman ƙashin cinya, da kuma wata da ta bi ta gaban cinya zuwa ƙoƙon gwiwa. Talewa ba ta cika sai bayan cinya ɗaya da gaban ɗayar sun saki a lokaci guda. Shi ya sa ta ke da wuya.

Mutane da yawa suna tsammanin tsoka kamar fata ce a hannun dukawa, in an ja ta da ƙarfi sai ta ƙara tsawo nan take. Masu bincike sun gano ba haka abin ya ke ba. Cikin makonnin farko, yawancin ƙarin da mutum ke samu daga sabo ne. Jiki yana da 'yan tsaronsa a cikin tsoka, waɗanda su kan kai ƙara ga ƙwaƙwalwa da zarar an ja ta fiye da yadda ta saba, sai mutum ya ji zafi, tsokar kuma ta ƙanƙame don kare kanta. In ana ja kaɗan-kaɗan kullum, sannu a hankali 'yan tsaron nan su kan yarda babu cuta, su ƙara sakin linzami. In kuwa aka fizga, ƙanƙamewa su ke ƙara yi, abin da ya ƙanƙame kuwa aka ci gaba da jansa, ƙarshensa yagewa.

Sa'an nan ƙirar ƙugu ba ɗaya ba ce. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi a ƙugu, gurbin wani ya fi na wani zurfi, jijiyoyin da suka ɗaure shi kuma na wani sun fi na wani tauri. Wani zai kai ƙasa cikin 'yan watanni, wani sai ya shekara biyu, wani kuwa har abada zai rage taƙi ɗaya tsakaninsa da tabarma. Wannan halitta ce, babu lalaci a ciki, babu kuma abin kunya.

INDA HAƊARI YA KE

Cikin 2006 wani mai bincike na Suwidin, Carl Askling, da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gani ga mutum 33 waɗanda tsokar bayan cinyarsu ta yage. 18 'yan tsere ne, sun ji ciwo suna cikin gudu. 15 kuwa 'yan rawar Turawa ne, sun ji nasu suna miƙe ƙafa a hankali, irin talewar nan. Da farko 'yan tseren suka fi jin jiki. Amma da aka bi su, sai aka tarar matsakaicin ɗan tsere ya koma yadda ya ke cikin mako 16, ɗan rawa kuwa sai da ya yi mako 50. Dalili shi ne, raunin talewa can sama ya kan faɗa, kusa da ƙashin zama, inda tsoka ta zama jijiya, wurin kuwa ba shi da wadatar jini kamar tsakiyar tsoka, saboda haka ba ya saurin warkewa. Mugun abin kuma, zafinsa na farko ba shi da yawa, sai mutum ya raina shi ya ci gaba da ja.

Na yara ya fi wannan. Hausawa su kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma da wannan karin magana ne waɗansu ke kafa hujjar danna yaro. To, amma duk wanda ya taɓa saƙar kwando ya san ɗanyen icce ma ya kan tsage in an yi masa garaje. Ƙashin zaman yaro mai tasowa bai gama haɗewa da ƙugu ba, guringuntsi ne ke riƙe da bakinsa, kuma ba ya gama ƙanƙara sai mutum ya kai shekara 20 ko ya ɗara. A wannan tsakani jijiya ta fi guringuntsin ƙarfi. In aka danna yaro ɗan shekara 14 ko 15 ƙasa farat ɗaya, tsoka ta kan fizge ɓallin ƙashi ta taho da shi. Yaro zai ji wani abu ya yi ƙas a mazaunai, ya kasa takawa sosai, ya kasa zama bisa benci. Sau da yawa a kan ɗauka targaɗe ne, a yi ta murza wa, alhali kuwa karaya ce, sai hoton ƙashi ke nuna ta. In ɓallin bai yi nisa ba, hutu da sandar dogarawa na makonni su kan isa. In ya yi nisa da mazauninsa kamar santimita 2, likitoci su kan yi shawarar a yi aiki.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu a ƙasar nan musamman, watau amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Wannan ciwo ya kan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ƙashin ya raunana, ya fara lotsewa. Yaro mai sikila da ke kukan ƙugu ko makwankwaso, ko ya ke ɗingishi, ba taurin tsoka ke damunsa ba balle a ce talewa za ta sake shi. Likita ya ke bukata. Haka kuma mace mai ciki, da wanda ya taɓa gocewar ƙugu ko raunin gwiwa, da mai ciwon baya da ke harbawa har ƙafa, duk kada su fara sai sun yi shawara da likita.

YADDA A KE BI

Wanda ya ke da lafiya, ya ke kuma so ya koya, ga hanya.

Da fari, ba a miƙe tsoka mai sanyi. A fara da tafiya mai sauri ko sassarfa ta minti 5 zuwa 10, har jiki ya ɗau ɗumi. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin asuba ke kama gaɓoɓi a Kano, a ƙara wa wannan lokaci, ko kuwa a bari sai da yamma. A sa wando mai faɗi, a shimfiɗa tabarma ko bargo inda ba santsi. Mata suna iya yin nasu cikin ɗaki, ba ya bukatar fili.

Na biyu, a kwanta rigingine, a rataya tsohon rawani ko igiya a tafin ƙafa ɗaya, a ɗaga ta sama gwiwa a miƙe, ɗayar tana shimfiɗe a ƙasa. A jawo ta har a ji ja a tsakiyar bayan cinya, a tsaya nan.

Na uku, a durƙusa da gwiwa ɗaya bisa ninkakken zane, ɗayar ƙafar a taka gaba kamar mai shirin tashi. A miƙe ƙirji, a matse tsokar mazaunai, a tura ƙugu gaba kaɗan har a ji ja a gaban cinyar da ke baya. Wanda ya yi langa da ƙuruciya ya san wannan ja, domin shi yaro ke ji sa'ad da ya kama ƙafarsa ta baya yana tsalle da ɗaya.

Na huɗu, daga wannan durƙuso a ja mazaunai baya, a miƙe ƙafar gaba, diddige a ƙasa, 'yan yatsu suna duban sama. A sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe. Masu yoga suna kiran wannan rabin talewa, kuma mutum ya kan yi watanni a nan kafin ya wuce.

Na biyar, sai wanda na huɗu ya zama masa ruwan sha. A ajiye bulo ko tarin littattafai dama da hagu a dafa, a sa matashi biyu ko uku a ƙarƙashin cinya, sa'an nan a zame diddige gaba kaɗan-kaɗan har a zauna bisa matasan. Nauyi yana kan hannu. Cibiya ta dubi gaba sosai, kada ƙugu ya karkace wajen ƙafar baya, domin karkacewa ta kan sa mutum ya kai ƙasa da wuri, amma gadon baya da gwiwa su ke biyan bashin. Bayan makonni a zare matashi ɗaya, haka har su ƙare, in Allah ya nufa za su ƙare.

Tsawon tsayawa kuwa an auna shi. Cikin 1994 waɗansu masana biyu na Amurka, Bandy da Irion, suka sa mutum 57 cikin gwaji na mako 6. Suka tarar wanda ya kan riƙe miƙewa sakan 30 ya fi mai riƙe sakan 15 samun sakewa, amma mai riƙe sakan 60 bai fi mai 30 da kome ba. Saboda haka sakan 30 ya isa, a maimaita sau biyu ko uku a kowace ƙafa, kwana uku zuwa biyar a mako. Ba a lilo, ba a riƙe numfashi. Alamar da za a kiyaye ita ce wurin da a ke jin ja. In a tsakiyar tsoka ne, kuma mutum yana iya magana yana numfashi daidai, lafiya lau. In kuwa suka ce a gindin mazaunai, ko a bayan gwiwa, ko ƙafa ta fara mutuwa, to, a janye nan da nan.

RABON AKAWU

Wani akawu zai ce, ni da na ba arba'in baya, me ya haɗa ni da wannan? Kakanninmu a tabarma su ke zama. Su kan harɗe, su kan tsuguna, su kan miƙe ƙafa su yi hira, mata su kan sunkuya su yi shara da wanki gwiwa a miƙe. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan miƙewa ce, ba su kuwa sa mata suna ba. Ma'aikacin yau ya kan tashi daga kujerar ofis ya hau ta mota ko babur, ya sauka ya zauna a ta falo, ƙugu da gwiwa a lanƙwashe wuri ɗaya yini guda. Jiki kuwa abin da aka saba masa shi ya ke riƙewa. Shi ya sa za ka ga mutum bai tsufa ba, amma zaman cin tuwo a ƙasa ya gagare shi.

Irin wannan mutum ba ya bukatar ya kai ƙasa. Mataki na biyu da na uku da na huɗu, minti 10 bayan an tashi aiki, su ne rabonsa, kuma cikin mako 6 zai ga bambanci wajen sunkuyawa da tashi. Amma kada ya ɗauka miƙewa ta ɗauke masa sauran motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga, kamar tafiya mai sauri, yara kuwa minti 60 kullum. Wanda ya tako da ƙafa daga Dangi zuwa Unguwa Uku ya fi wanda ya tale ƙafa ya koma kujera ribar zuciya da jini.

GA MALAMAI

Roƙonmu ga malaman wasanni da masu horar da ƙungiyoyin unguwa abu uku ne. Kada malami ya danna yaro, kada kuma ya bar wani yaro ya danna ɗan'uwansa. Kada a mai da talewa gasa ko horo, domin yaron da ke jin kunyar abokansa ba zai ce ya ji zafi ba sai ɓarna ta auku. In kuwa yaro ya ji ƙas, ko ya kasa takawa, ko ya kwana biyu yana zama da ɓangare ɗaya, a daina murza, a kai shi a ɗauki hoto.

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba su da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, yana nan bakin hanyar Zariya a cikin ƙaramar hukumarsu, yana kuma da sashen gashin ƙashi. Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, shi ma cikin gari ya ke. Amma rigakafi ya fi magani. Yaron da aka bari ya sauka da nauyin kansa, matashi bayan matashi, ko ya kai ƙasa ko bai kai ba, zai tashi da ƙafafunsa biyu lafiya ya shiga ƙwallo. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.